Makaɗin Mashaya a Da'irar Wazifa: A Kore Shi Ko A Matsa Masa Wuri?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya bar ƙofar tuba a buɗe ga bawa matuƙar rai bai kai maƙoshi ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, Sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, Bahaushe yana da maganganu biyu a kan dare waɗanda kamar suna karo da juna. Ya ce dare mahutar bawa, ya kuma ce dare rigar mugu. Duka biyun gaskiya ne, domin dare ɗaya ne ake raba shi tsakanin mai tsayuwa a kan buzu da mai zama a kan kujerar mashaya. Abin da ke da wuya shi ne ranar da mutum ɗaya ya zo yana ɗauke da dararen biyu a jikinsa, ya nemi wurin zama a cikin 'yan'uwa.

Yadda mas'alar take zuwa

A Gidan Amumune da ƙauyukan da ke kewaye da shi, a ƙasashen Mayahi da Tasawa cikin jihar Maradi, shekara tana da fuska biyu. Da damina kowa yana gona, gero da wake da ɗan abin da ƙasa ta bayar. Da an kai amfani rumbu, sai samari su ɗaure kaya su tafi cin rani: wasu Maradi, wasu su bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina su faɗa Kano, wasu Agadas da abin da ke bayanta. Duk wanda ya ga shekarar 2005 a wannan jiha ya san abin da rumbu wofi yake nufi, saboda haka babu mai ganin laifin saurayi don ya tafi nema.

A ɗauki misalin ɗaya daga cikinsu, wanda ya tashi a gidan makaɗa. Mahaifinsa gangar noma ya kaɗa wa manoma a gayya, shi kuma tun yana ƙarami hannunsa ya faɗa a kan kalangu. Ya isa birni ya fara da turin kurar ruwa, sai wata ƙungiyar makaɗa da ke wasa a wata mashaya ta ji hannunsa ta ɗauke shi. Abin da yake samu a dare ɗaya ya fi na kwanaki da yawa a bayan kura. Shi kansa ba ya shan giya, bai kuma bar salla ba, ko da yake asubarsa takan kai hantsi. Da kuɗin nan aka sayi hatsi a gidansu lokacin da na rumbu ya ƙare, da su aka kai mahaifiyarsa asibiti.

Da hadari ya fara haɗuwa sai ya dawo gida. Bayan sallar magariba aka shimfiɗa farin ƙyalle, 'yan'uwa suka kewaye don wazifa, shi ma ya zo ya durƙusa a inda ya saba zama kafin tafiyarsa. Labarinsa kuwa ya riga shi isowa. Bayan an shafa, wani dattijo ya matsa kusa da muƙaddami ya ce: "Malam, hannun da ya kwana yana kaɗa wa mashaya shi ne zai ja carbi kusa da izari? Yara suna kallo fa." Muƙaddami ya ce: "Baba, maganarka tana kan hanya. Amma in an tashe shi daga nan, ina za shi?"

Tambayoyin nan biyu su ne mas'alar baki ɗaya, kuma babu wadda za a watsar a cikinsu.

Abin da ba a jayayya a kansa

Haramcin giya ba wurin saɓani ba ne. Alƙur'ani ya zo da shi daki-daki: aya ta 219 a Suratul Baƙara ta bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta, aya ta 43 a Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye, sannan ayoyi na 90 da 91 a Suratul Ma'ida suka rufe ƙofar gaba ɗaya. Hadisi ya tabbatar da cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, ya kuma ba da labarin mutanen da za su sha giya suna kiran ta da wani suna. Wannan ya game burkutun da ake dafawa a tukunya, da kwalbar da ake sanyayawa a firji, da wadda ake gaurayawa da ruwan 'ya'yan itace da ƙanƙara a manyan otal-otal a raɗa mata suna mai daɗin ji. Kyan kofi ba ya canza abin da ke cikinsa.

Hadisin da Imamu Tirmizi ya ruwaito daga Anas, Allah Ya ƙara masa yarda, ya lissafa mutum goma da la'ana ta hau kansu a sha'anin giya, tun daga mai matsa ta har zuwa mai ɗaukar ta, mai shayar da ita, mai sayar da ita da mai cin kuɗinta. Ba a ambaci makaɗi a cikin goman ba, kuma bai halatta a cusa shi cikin la'anar da nassi bai sa shi ba. Sai dai mai mashaya ba don son kalangu yake biyan makaɗa ba. Yana biyan su ne domin kiɗa yana zaunar da mutane, wanda ya zauna kuma zai ƙara kwalba. Wannan taimako ne a kan saɓo, wanda aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana, ga kuma hanin da ya zo a hadisi game da zama a teburin da ake shan giya. Don haka dattijon nan bai yi ƙarya ba. Aikin saurayin ba mai tsarki ba ne, kuma duk ɗan'uwan da ya ce masa "ba komai" ya yaudare shi.

Abin da malamai suka yi saɓani a kansa

Inda magana take rarrabuwa shi ne sautin kansa. Mashhurin mazhabar Malikiyya ya tsananta a kan kayan kiɗa, ya yi rangwame ga bugun da ake yi don bayyana aure. Hujjatul Islam Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira (1111), ya ware babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan ladubban sauraro. Ra'ayinsa shi ne sauti mai daɗi mai ma'auni ba haramun ba ne a zatinsa, kamar yadda kukan tsuntsu ba haramun ba ne, sai dai wasu abubuwa biyar sukan bijiro masa su haramta shi: wanda ke rerawa in ana tsoron fitina daga gare shi, kayan kiɗan in ya zama tambarin mashaya, kalmomin in batsa ne ko zagi ko ƙarya ga Allah, mai sauraro in sha'awa ta rinjaye shi, da mayar da abin ya zama aikin dare da rana. Har ya yi bayanin cewa in jama'a suka shirya majalisa irin ta mashaya, da mai zagayawa da kofuna da gaisuwar da suka saba, sun yi laifi ko da abin da ke cikin kofin halal ne, saboda kamanceceniya. Wannan ya isa amsa ga mai cewa shi lemo kawai yake sha a wurin.

A ƙasar Hausa ma maganar tsohuwa ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754 zuwa 1817) ya yi suka mai zafi a kan kaɗe-kaɗen fadar sarakunan zamaninsa, sannan a rubuce-rubucensa na baya, kamar Najmul Ikhwan, ya nuna cewa akwai saɓanin malamai a wasu sassan mas'alar. A Kano, Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, ya tsaya tsayin daka wajen kare bandiri a zikirin Ƙadiriyya, har yau kuma ana buga shi a Maukibi. 'Yan Faila suna da zakirai da masu bege waɗanda muryarsu kan sa ƙato hawaye.

Ma'anar wannan ita ce, ɗan ɗariƙa ba shi da bakin cewa sauti ƙazanta ne, domin shi kansa ya san abin da murya mai daɗi take yi wa zuciya. Hannun saurayin nan baiwa ce daga Allah. Wurin da ya kai baiwar shi ne abin zargi.

Me ake nema a mashaya?

Wajibi ne a yi wa kai wannan tambaya da gaskiya, domin likitan da bai san ciwo ba ba ya ba da magani. Mutumin da ya wuni a rana yana dako a kasuwa, ko ma'aikacin da bashi ya yi wa katutu, ko baƙon da ba shi da kowa a birni, in dare ya yi yana neman wurin da za a san sunansa, da sautin da zai ɗauke masa nauyin kansa, da ɗan lokacin da zai fita daga ƙuncin tunani. Wanda ya nufi zawiya shi ma jama'a yake nema, da sauti, da fita daga ƙangin son rai. Kamar ɗin tana da yawa har manyan sufaye suka ari kalmomin giya da kofi da mai shayarwa don siffanta shauƙin Ubangiji, kamar yadda Ibnul Farid na Masar, wanda ya rasu a 1235, ya yi a ƙasidarsa da aka sani da Khamriyya. Ba su yi haka don halatta giya ba. Sun ga ƙishirwar ɗaya ce, rijiyoyin ne daban.

Bambancin yana cikin sunayen kansu. Larabawa sun kira giya khamru saboda tana lulluɓe hankali, kamar yadda mayafi ke rufe kai. Zikiri kuwa ma'anarsa tunawa. Ɗaya yana sayar da mantuwa, ɗaya yana koyar da tunawa. Mai mantuwa yana ajiye damuwarsa a bakin ƙofa, da safe ya tarar da ita tana jiran sa ta haihu: kuɗin cefane ya tafi, mata tana fushi, jiki ya mutu. Mai tunawa yana shiga da damuwarsa har gaban Mai ita, ya fito bashin yana nan, amma ya san Wanda yake roƙo.

Daga nan ake samun ma'auni mai sauƙi wanda ko wanda bai yi karatu ba zai iya riƙewa: a auna dare da asubarsa. Duk daren da ya miƙa mutum ga sallar asuba cikin jam'i, da hankalinsa, da haƙƙin iyalinsa a aljihu, daren alheri ne. Wanda ya cinye asuba kuwa, ya ci amanar mai shi, ko da wane suna aka kira taron.

Hanyoyin da aka gwada

Maradi gari ne mai tarihi. Sarakunan Katsina da suka bar birninsu bayan jihadi a farkon ƙarni na 19 su ne suka kafa sarautarsu a can, tsohon garin yana cikin kwarin gulbi har ambaliyar 1945 ta sa aka hau tudu. Gari ne na malamai da alhazai 'yan kasuwa, kuma gari ne na goge da bori da makaɗa. A watan Nuwamba na shekarar 2000, lokacin da aka shirya bikin nunin tufafi na FIMA a Yamai, zanga-zangar ƙin bikin ta rikiɗe a Maradi, aka afka wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da wuraren ibadar Kirista, aka cinna wuta. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga, an sake ƙona mashaya da majami'u a Damagaram da Yamai, kimanin mutum goma suka rasa rayukansu. Fushi don Annabi, Sallallahu alaihi wa sallam, alamar imani ce. Amma wutar ba ta taɓa waɗanda suka yi zanen ba, maƙwabta ta ci, kuma ba a ji ta shigar da mashayi ko ɗaya sahun salla ba.

Malaman Malikiyya sun gindaya sharuɗɗa ga mai hani da mummuna: ya san abin da yake hanawa, hanin kada ya haifar da ɓarnar da ta fi wadda ake son kawarwa, kuma ya kasance ana tsammanin zai yi amfani. Kawar da ɓarna da ƙarfi a bainar jama'a aikin hukuma ne. Taron da ya ɗauki fetur da ashana ya karya sharaɗi na biyu tun kafin ya isa wurin.

Hanya ta biyu ita ce ta doka. Jihar Zamfara ta shelanta shari'a a 1999, Kano ta bi a 2000, aka kafa hukumar Hisba da doka a 2003. A watan Nuwamba 2013 an farfasa kwalaben giya kimanin 240,000 a bainar jama'a a Kano. Hukuma tana da hurumin hana ɓarna ta bayyana a titi, kuma akwai alheri a cikin hakan: yaro ba ya tashi yana ganin abin a ƙofar gidansu. Amma doka iyakarta ido. Unguwar Sabon Gari, wadda aka kafa wa baƙi tun kusan 1913, ba ta daina raya darenta ba, kuma mutanen kan iyaka sun shaida yadda wasu masu wannan sana'a suka tsallako garuruwan Nijar bayan shekarar 2000. An matsar da kwalba daga wuri zuwa wuri, ƙishirwar tana nan inda take.

Hanya ta uku ita ce ta "ba ruwana", kowa tasa ta fisshe shi. Ita ce mafi sauƙi, kuma ita ce mafi nisa daga 'yan'uwantaka, domin wanda ya ga ɗan'uwansa a bakin rijiya ya yi shiru don gudun ɓacin rai, kansa ya so.

Yadda magabata suka yi

Imamu Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa gaban Annabi, Sallallahu alaihi wa sallam, saboda shan giya. Wata rana wani ya la'ance shi don yawan kawo shi da ake yi, sai Annabi ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. An tsayar masa da hukunci, ba a kuma fitar da shi daga jama'a ba. A wata ruwayar ya hana sahabbai su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Shaiɗan yana son mai saɓo ya yanke ƙauna, wanda ya kore shi daga majalisar alheri kuwa ya ƙarasa wa Shaiɗan aikinsa.

Imamu Ƙushairi ya kawo labarin Ma'aruful Karkhi, waliyyin Bagadaza da ya rasu wajen shekara ta 200 bayan hijira. Yana zaune a bakin kogin Dijla sai wasu samari suka wuce a jirgin ruwa suna kiɗa suna sha. Almajiransa suka nemi ya yi musu mummunar addu'a, sai ya ɗaga hannu ya roƙi Allah Ya faranta musu a lahira kamar yadda suke farin ciki a duniya. Da almajiran suka yi mamaki, ya nuna musu cewa in Allah Ya karɓa, to zai ba su tuba ke nan, su kuma almajiran babu abin da ya ragu a nasu.

Akwai kuma Zazan, mawaƙi mai zaƙin murya a Kufa, wanda Abdullahi ɗan Mas'udu, Allah Ya ƙara masa yarda, ya tarar yana kiɗa a majalisar sha. Wasu ruwayoyin sun ce ya fasa tulun da kayan kiɗan, wasu ba su ambaci haka ba. Abin da suka haɗu a kai shi ne ya yaba muryar, ya yi fatan a ce Alƙur'ani ake ji da ita, kuma da yaron ya biyo shi ya rungume shi ya karɓe shi. Zazan ya zama ɗaya daga cikin tabi'ai masu ruwayar hadisi. Mai son tsanani zai riƙe fasa tulu, mai son sauƙi zai riƙe runguma. Ibnu Mas'udu dai bai bar yaron a titi da fasasshen kaya ba, gida ya kai shi.

A ɗariƙar Tijjaniyya, sanannen abu ne cewa Shehu Ahmadu Tijjani, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda ya rasu a Fas a 1815, ya yi izinin a ba da wuridi ga duk Musulmin da ya nema ya kuma karɓi sharuɗɗa, mai ɗa'a ne ko mai saɓo. Wazifa kanta da istigfari talatin take buɗewa kafin Salatul Fatihi da hailala da Jauharatul Kamali, lazimi kuma da istigfari ɗari. Da'irar da kowa ke fara zamanta da neman gafara, da'irar masu laifi ce da suka san suna da laifi. Ba lada ba ce da ake ba wanda ya riga ya tsarkaka, wurin wanka ne.

Tsoron dattijo

Duk da haka ba a gama da maganar dattijon ba, domin tsoronsa yana da tushe. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. In yaran ƙauye suka ga wanda ya dawo da sabuwar waya da babur daga kiɗan mashaya, suka kuma ga zawiya ta karɓe shi ba tare da ko kalma ba, darasin da za su ɗauka a fili yake. Sauƙin da ba shi da nasiha a cikinsa yakan zama lasisi.

Mafita ita ce a bambance tsakanin wurin zama da wurin jagoranci. Saurayin yana da haƙƙin zama a da'ira kamar kowa, ba a matsa nesa da shi, ba a yi masa habaici a wa'azi. Amma ba a miƙa masa jan baƙi ko lasifikar bege a maulidi yana kan wannan aiki, domin wanda aka sa gaba ana koyi da shi. Nasiha kuma muƙaddami ne zai yi masa ita a keɓe, a faɗa masa gaskiya ba tare da rage mata nauyi ba. Ba a aika 'yan leƙen asiri su bi shi birni. An ruwaito cewa Sayyidina Umar da Abdurrahman ɗan Aufu sun taɓa isa ƙofar wani gida da dare suka ji hayaniyar masu sha, da Abdurrahman ya tuna masa hanin bin diddigin asirin mutane, sai Umar ya juya ya tafi, alhali shi ne halifa.

Sai babban nauyi, wanda aka fi gudu. In 'yan'uwa suka ce masa ya bari, me zai ci, me mahaifiyarsa za ta ci? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta bayyana cewa da hanin giya ne farkon abin da ya sauka, da mutane sun ce ba za su bari ba, sai da zukata suka ginu tukuna. Ginin zuciya yana tafiya da ginin tukunya. Zawiyar da take iya tara kuɗin mota don ziyarar Kiyota ko Kaulaha tana iya tara jarin awaki biyu, ko kuɗin koyon ɗinki, ko ta nema masa wuri a shagon wani alhaji daga cikin 'yan'uwa. Hannunsa ma yana da inda zai yi amfani a bikin aure da gayya, a kan ra'ayin malaman da suka yi rangwame. Game da abin da ya riga ya tara, Imamu Gazali ya yi bayanin cewa dukiyar haramun da ba ta da wani mai ita da za a mayar wa, sadaka ake yi da ita, kuma in mai tuban da iyalinsa matalauta ne, suna iya cin gwargwadon buƙata daga ciki. Mahaifiyar da ta ci hatsin ba ta san tushensa ba kuwa, babu laifi a kanta. Wanda ya ce "haramun ne" ya tsaya nan, rabin aiki ya yi, kuma rabin da ba ya cin kuɗi.

Ma'aunin ya juyo gida

Laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani. Ma'aunin asuba da aka auna mashaya da shi, dole a auna dararen zawiya da shi. Akwai maulidin da ake kai wa ƙarfe uku na dare da lasifika a kan maƙwabci marar lafiya, a yi liƙi ga mai bege ana gasar wanda ya fi zuba kuɗi, samari da 'yan mata su cakuɗe a bayan rumfa, wasu ma su haɗiyi ƙwaya don kada barci ya ɗauke su, sannan ladan ya kira asuba masallaci ba kowa. Irin wannan dare ya ɗauki sunan zikiri, aikinsa kuwa na mantuwa ne. Abubuwa biyar ɗin da Imamu Gazali ya lissafa ba su tambayi sunan taro ba kafin su shiga.

Akwai kuma mayen da ya fi na kwalba ɓoyuwa, wato jiji da kai. Ibnu Aɗa'illah, wanda ya rasu a 1309, ya yi nuni a cikin Hikam cewa saɓon da ya gadar wa bawa ƙasƙantar da kai ya fi masa ɗa'ar da ta gadar masa girman kai. Daga cikin sharuɗɗan ɗariƙa akwai rashin amincewa da makarun Allah, da rashin yanke zumunci da bayinsa. Saurayin da ya durƙusa a gefen izari yana jin kunyar hannunsa, mai yiwuwa istigfarinsa talatin ya fi nauyi a kan na wanda ya shekara arba'in a wurin yana ƙirga laifin mutane. Babu wanda ya ga ƙarshen littafinsa. Bishrul Hafi daga gidan sha da kiɗa ya fito ya zama abin koyi a Bagadaza.

Damina za ta wuce, a kai gero rumbu, motocin cin rani su sake tsayawa a bakin hanya. Ranar nan ce za ta nuna abin da aka shuka. Yana iya komawa mashayar, domin shiriya ba a hannun muƙaddami take ba, kuma ko ya koma, wurinsa a da'ira ba ya rufuwa, nasiha ma ba ta tsayawa. Abin da za a tambayi dattijo da muƙaddami da sauran 'yan'uwa a kai shi ne watannin da ya yi a tsakaninsu: ko an gaya masa gaskiya, ko an rufa masa asiri, ko an sa hannu a aljihu dominsa.

Allah Ya shiryi samarin Musulmi a gida da wurin nema, Ya azurta su da halal mai albarka, Ya tsare masu zikiri daga jiji da kai, Ya sa darensu ya riƙa miƙa su ga asuba. Allah Ya yi daɗin tsira ga Shugaba Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.